Akantan da Ya Ƙi Shiga Mota

A tashar Gusau, Inna Kulu mai fura tana kallon wani mutum mai gogaggiyar taguwa, zaune yana rungume da fankar tebur.

"Inna, akantan kamfanin auduga ne," in ji ɗan kamasho. "Masu kamfanin sun zo daga waje suna yabon ribar reshen nan, wai ta fi ta Ghana. Shi ko ya miƙe ya ce awon manoman Bungudu ake tauyewa. Yau suka sallame shi."

Motar Tsafe saura mutum ɗaya.

"Malam, shigo mana!"

"Ku tafi, zan jira ta gaba."

Kulu ta sunkuyar da kai. Watakila akwai iyali a Tsafe da ba su ji ba tukuna.