Tayar Baba Yaƙubu

Ranar da ba ta taɓa fita daga raina ba a aikin nan ita ce ranar da motarmu ta faɗi gwaji, ni kuwa na dawo ofis bakina har kunne. Ku sababbin direbobi kuna jin muna cewa "ka duba tayar Baba Yaƙubu" ba ku san mafari ba, to yau ku ji.

Lokacin ni ne shugaban direbobi a wannan kamfani namu mai karɓar marasa lafiya daga Najeriya da Nijar, mu ɗauko su daga filin jirgi, mu kai su asibitocin Alƙahira, mu mayar da su masauki. Ƙananan bas biyu gare mu. Ɗaya tana hannuna, ɗaya tana hannun Baba Yaƙubu, Bahaushen Sudan da yaƙi ya koro shi da iyalinsa, ya zauna a unguwar Arba wa Nus. Dattijo ne mai farin gilashi, kuma ban taɓa ganin mai taushin ƙafa a kan birki kamarsa ba. Wanda aka yi wa tiyata, shi yake nema da suna.

Bayan hutun ƙaramar Sallah sai abu ya lalace. Motar Baba ta fara karkata dama. Ya goge madubi a cunkoson kasuwar Ataba. Bayan nan ya daki gefen titi yana ɗauke da wata Hajiya da aka yi wa aikin ƙugu, ta sha azaba, ta kai ƙara. Manajanmu, Alhaji Mudi, mutum ne mai kirki amma mai saurin yanke hukunci. Ya dubi gilashin Baba, ya ce idon dama ne ya tafi. Baba ya ce motar ce ke ja. Alhaji ya ce tun da yake bai taɓa jin direban da ya ce laifinsa ne ba. Ya karɓe makulli, ya mayar da shi ɗaukar akwatuna, ya ce in wata ya ƙare ya je gida ya huta.

Abin da ya fi ƙona mini rai, Alhaji ya faɗi maganar a wurin mai shayin da direbobinmu ke taruwa bayan Juma'a. Hausawan Alƙahira nawa muke? Kafin mako ya zagayo kowa ya ji Baba ya makance. Dattijo ɗan gudun hijira, da iyali a wuyansa, in aka liƙa masa wannan suna ba mai sake ba shi ko keke. Ina ganinsa yana jan akwati, yana ƙamshin man zafin da ya daɗe yana shafawa a kafaɗa, sai in kawar da kai don kunya.

Na hau motar da kaina, na ji lallai tana ja. Na kai aka daidaita ƙafafunta, ba ta daina ba. Sai ranar da nake wanke ta na durƙusa, na goge laka daga gefen tayoyin gaba. Kowace taya akwai lambobi a jikinta: faɗinta, tsayin gefenta, da girman ƙarfen da take hawa. Na ƙarshen iri ɗaya ne, shi ya sa duk suka zauna lafiya. Amma ta hagu ta fi ta dama tsayi, kuma mota kullum wajen gajeriyar take zuwa. Da na bincika, ashe cikin hutu tayar ta fashe a hannun Alhaji, ya sayi wata ta hannu a bakin titi aka ɗaura, bai gaya wa kowa ba.

Na same shi a ofis na yi masa bayani cikin ladabi. Ya yi dariya, ya ce taya ai baƙar roba ce, in dai ta shiga ta shiga, a gida ma haka muke yi. Ya ƙara da cewa ya san mu, direbobi ba abin da muka iya sai rufa wa juna asiri. Na fito ina huci.

Allah da ikonsa, lokacin sabunta lasisin motar ya zo. A nan sai an kai mota ofishin murur, wato hukumar kula da ababen hawa, injiniya ya duba ta kafin a sa hannu. Daga cikin abin da ake dubawa, tayoyi biyu da ke kan ƙarfe ɗaya, na gaba ko na baya, dole girmansu ya zama ɗaya. Al'adar direbobi kuma kun san ta: in motarka na da aibi, ka ari tayoyin abokinka, a wuce gwaji, da yamma ka mayar. Alhaji ya ɗauka haka zan yi. Ni kuwa da sassafe na tura tawa motar filin jirgi da tayoyinta, na ce wa Alhaji ya taho don shi ne mai sa hannu, Baba kuma ya biyo mu ya riƙe mana layi. Da gangan na shirya haka, kuma ko gobe zan sake.

Rana ta take kafin layi ya zo kanmu. Injiniyan wani Bamasare ne mai furfura, ba ya fara'a. Ya duba lambar jikin motar, ya duba fitilu da tukunyar kashe gobara. Gabana yana ta faɗuwa kada ya wuce bai sunkuya ba. Sai na ga ya tsaya a gaban motar, ya ja baya, ya karkata kai. Ya durƙusa hagu, ya durƙusa dama, ya miƙe ya ce ba za ta wuce ba.

Alhaji ya fara ma'alish, ma'alish, wato a yi haƙuri, bambancin ai kaɗan ne. Injiniya ya ce doka ba ta san kaɗan ba, kuma in aka taka birki da ƙarfi wannan kaɗan ɗin ne zai juya motar. Sannan ya tambaya wa ke tuƙa ta. Na nuna Baba.

"Ya Hajj," in ji shi, "kafaɗarka ba ta ciwo? Mai riƙe wannan motar a titi kokawa yake da sitiyari. Da wani ne, da tuni ya kifar da ita."

Baba ya dafa kafaɗarsa kawai, ya dubi Alhaji. Ni dai daɗi ya kashe ni, na shige bayan mota don kada a ga haƙorana.

A yi wa Alhaji adalci, bai yi gardama ba. Ya sa aka ɗaura sababbi biyu iri ɗaya, muka koma, mota ta wuce. A bakin ƙofar ya zaro makulli ya miƙa da hannu biyu.

"Baba, ka yafe mini. Na zalunce ka."

"Khalas, Alhaji, ya wuce," in ji Baba. "Amma inda ka faɗi waccan, can za ka faɗi wannan."

Ranar Juma'a kuwa Alhaji ya tsaya a wurin mai shayi, gaban kowa, ya ce idon Baba garau yake, tayar da shi ya saya ce makauniya. Aka yi ta dariya, ana miƙa wa dattijon hannu. Da Hajiyar nan ta dawo ganin likita, Baba ne ya ɗauko ta, ta yi barci tun daga filin jirgi har masauki.

Daga ranar na hana aron taya a kamfanin nan, domin dokar da muke yi wa wayo ita ce ta tsaya wa ɗanmu ranar da maganata ba ta isa ba. Kuma a sana'armu laifi yana saurin hawa kan mai riƙe da sitiyari, don shi ake gani. Saboda haka duk wanda ya zama shugaba a cikinku, in direba ya ce maka mota na ja, kafin ka dubi idonsa, ka durƙusa ka dubi tayarsa.