Turken Inna Habi

Kowace Talata da hantsi, Inna Habi takan share rumfar da ke bayan ɗakin shan magani na ƙauyenmu, a yankin Tsamaye, ta shimfiɗa tabarmi, ta cika tulu biyu. Sai tsofaffi su fara isowa, wasu da sanda, wasu a bayan babur. Ta auna masu jini, ta yanke farcen waɗanda ba sa iya sunkuyawa, ta sa su miƙe hannu da ƙafa, suna mita tana dariya. Sauran kwanaki kuma gida-gida take bi, wajen waɗanda ba su zo ba. Shekara ashirin da shida tana haka. Watan nan ta ajiye aiki.

Kowane gida da labarinsa a kanta. Ni na kakata Dije na sani.

Wata bazara gwiwoyin Kaka suka ƙi. Idan ta tsuguna, sai an ɗaga ta. Ba a daɗe ba ta rame, leɓɓanta suka tsage, ta fara kiran waɗanda suka rasu. Kawu Faruk ya kai ta Sabon Birni, aka ƙara mata ruwa, ta farfaɗo, bayan mako guda ta koma yadda take. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce tafiya ce ta zo.

Da Inna Habi ta ga Talata biyu babu ita, sai ta iso gidan. Ba ta buɗe jaka ba. Ta zauna, ta dubi kwanon ruwan da aka ajiye tun safe yana nan cike, ta dubi hanyar makewayi, ta ce kowa ya fita. Ni dai ina bakin ƙofa, ba a lura da ni ba.

"Tsohuwa, mi ya hana ki shan ruwa?"

Kaka ta ce, can ƙasa-ƙasa, "In na sha, wa za shi tashe ni? Ɗan fari ko matatai?"

Ashe ke nan. Matasan gidan duk sun watse, wasu Isa, wasu Sakkwato, wasu Nijar, saboda rashin kwanciyar hankali. Ban da mu yara, saura Kawu da matarsa, mutum biyun da Kaka take jin nauyinsu fiye da kowa. Ɗan da ko sunansa ba ta faɗi, yaya za ta kira shi ya ɗaga ta daga makewayi? Ta gwammace ƙishirwa.

Washegari Inna Habi ta dawo da icen kirya a kanta. Da hannunta ta haƙa rami, ta kafa shi gefen masai, daidai inda hannun Kaka zai kai, ta daddale gindin.

Kaka ta leƙa ta ce, "Turke kika kafa mani, akuya kika maishe ni?"

"Akuya ta fi ki hankali, ita tana shan ruwa."

Ranar Kaka ta shiga ita kaɗai, ta fito ita kaɗai, ta shanye kwano guda. Ta ƙara shekara huɗu a duniya, kuma har ta koma ga Allah ba wanda ya sake ɗaga ta. Yau ba na iya ƙirga gidajen da ke da irin wannan ice. Turken Habi ake ce masa.

Inna, ke ce kika ga abin da mu na cikin gida muka kasa gani. Kin rufa wa tsofaffinmu asiri, ba ki taɓa kai maganarsu rumfa ba. Sau nawa na gaishe ki ina son in yi godiya, baki ya ƙi buɗuwa. Na gode. Allah ya saka maki da Aljanna.

Da na je gida ƙaramar Sallah, na tarar da icen Kaka yana nan, samansa ya yi sumul da hannunta. Na daɗe riƙe da shi. Da na biya gaishe da Inna Habi kuwa, na ga sai da ta dafa bango sau biyu kafin ta miƙe, kuma kwanon ruwanta cike yake.

Masu tsoho a gida, ku riƙa duba kwanonsa. Ni kam na riga na yi wa Kawu Faruk magana ya nemo kirya. Ranar Talata za ni kafa wa Inna Habi nata turken.