Fuskar Murdo Kinnear

Bana mujallar barkwancin yara ta garinmu ta cika shekara saba'in, kamfanin da ke buga ta ya kafa mutum-mutumin Ja-Kunne, mugun cikin mujallar, a bakin kasuwa, jama'a sai ɗaukar hoto suke yi da shi. Ni kuwa duk sanda na wuce sai in ji kamar in tofa masa yawu. Abin da ke hana ni, fuskar mijin yayata ce.

Murdo Kinnear kwandasta ne a bas mai hawa biyu da ke zuwa bakin ruwa. Dogo ne, girarsa kamar buroshin takalmi, haɓarsa ta riga shi shiga ɗaki. Kyau kam babu, amma ban taɓa jin ya ɗaga wa kowa murya ba. Shi da yayata Elspeth ba su samu haihuwa ba, kuma ba abin da yake so a duniya kamar yaro ya kira shi Baba.

Wani mai zane a kamfanin, Lachlan Baird, kullum bas ɗinsa yake hawa. Al'adar masu zanen ce su ɗebi fuskoki a titi ba sallama ba izini. Rana ɗaya mujalla ta fito da sabon mugu, kwandasta mai kama yara ta kunne yana wurga su waje. Gira, haɓa, har tabon da ke gefen hancin, duk na Murdo ne. Daga Glasgow har Landan yara suka haukace a kan Ja-Kunne, kowace Laraba sai ya fito.

Da farko Murdo dariya ya yi. Daga baya 'yan makaranta suka fara tsayawa a tasha suna jiran wata motar, manyansu kuma suna jifan gilashin bas ɗinsa da bawon lemo. Iyaye mata in yaro ya ƙi ji sai su nuna masa Murdo da yatsa. A gabana wata ta yi haka, na kusa marinta.

Ya sa kwat ɗinsa na zuwa coci ya je kamfanin. Ya gaya wa editan cewa shi da matarsa sun nemi riƙon marainiya, ya roƙe shi a rage girar ko a canza haɓar. Editan ya ba shi shayi, ya kira Lachlan, suka tsaya suna kallonsa suna murmushi kamar sun ga abin da suka ƙera da hannunsu.

"Haba malam," in ji editan, "mutum nawa ne a ƙasar nan kowane yaro ya san shi? Ai gode mana ya kamata ka yi."

Suka sallame shi da mujallar makon kyauta. Marasa kunya.

Marainiyar sunanta Morven, shekararta shida. Ranar Asabar ma'aikaciyar gidan marayu ta kawo ta shan shayi, a ga ko za su saba. Elspeth ta gasa kek, ni na ɗinka labulen ɗakin da aka shirya mata. Murdo ya aske girarsa da almakashi har ya yanki kansa. Yarinyar ta shigo da fara'arta, tana ba Elspeth labarin wata mage. Sai Murdo ya fito daga kicin riƙe da butar shayi.

Ba ta yi kuka ba. Ta sa hannuwa biyu ta rufe kunnuwanta, ta ja da baya har ta jingina da bango. Murdo ya ajiye butar, ya durƙusa don ya rage tsawo, ya kira sunanta a hankali. Ita kuwa yarinyar sai ta kalli Elspeth.

"Anti, in na yi shiru ba zai ja ba?"

Ma'aikaciyar ta ce a ba ta lokaci, za a sake kawo ta. Murdo ne ya ce a'a. Ya ce yarinyar da ta rasa uwa da uba ba za a sa ta kwana gida ɗaya da abin da take tsoro ba.

Ranar Litinin ya nemi a mayar da shi gareji, wurin wanke motoci, inda yara ba sa shiga. A can ya yi aiki har ya mutu.