Taɓi Uku a Hanyar Andarai

Ni fa ba ruwana da wanga al'amari, Inna ce taj jefa ni ciki. Ranar kasuwar Jega, fasinja ko'ina, na goge mashin har ina ganin haƙorana jikin tanki, sai tac ce in kai ƙanenta Andarai. Nic ce, "Inna, motoci sun ƙare duniya?" Tac ce ba ya son wurin da ake rufe mai ƙofa. Mutumin da yay yi shekaru ana kulle shi cikin keji shina jibgar ƙatti, wai ƙofar mota yake tsoro.

Kawun nan nawa mahauci ne, ɗan dambe tun ina goye. Daga baya wasu sunka zo daga Legas sunka kwashi 'yan dambe don faɗan kejin nan da muke kallo a waya, wanda ake naushi da shuri da kokawa da shaƙa duk lokaci guda. Ya yi suna, har wani faffaɗan bel mai ƙarfe yac ciyo, yanzu da shi yake tokare ƙofar ɗaki. Rana guda yad dawo da karyayyen hannun dama. Masu ɗorin Aliero sun yi iyakar yinsu, amma yatsun sunka ƙage kamar ƙafar kaza. Ya koma yankan nama da hagu, kuma ba mai jin labarin keji a bakinshi.

Ya hau baya, ya rungume ƙullin goro da kilishi a ƙirji da hannun hagu. Munka tashi da hantsi.

A sana'armu ta kabu-kabu, in fasinja ya taɓa kafaɗarka, tsayawa yake so. Mun wuce gada kaɗan sai nij ji taɓi a kafaɗar dama, sau uku, da sauri. Nit taka birki.

"Kawu, fitsari ne? Tun yanzu?"

"Wa yac ce ka tsaya?"

"Kai kat taɓa ni."

"Ban taɓa ka ba. Ja mu tahi."

Nic ce a raina tsufa ya fara cin tsohon. Amma ta madubi na ga ya ƙura ma kafaɗata ido.

Bayan Maiyama anka sake. Rana tsaka, hanya fayau, ba mota, ba ko akuya. Tafin hannu ne a buɗe, na ji yatsu biyar ɗin sarai, kuma sanyinsu ya ratsa rigata kamar an fito da su daga randa. Nit tsaya gindin wata bedi. Ban yi wasa ba wannan karon.

Kawu ya sauka ya zauna bisa saiwa. Yac ce, "Sau nawa?"

"Uku."

Nan yab ba ni labarin. Su biyu anka ɗauka daga yankinmu, shi da wani ɗan damben Andarai, abokinshi, kwano guda suke ci. Sati biyu anka koya masu shaƙa, sai anka haɗa su da juna. An gaya masu in mutum ya ji wuya zai bubbuga jikinka, sai ka saki. Kai ya ji, jiki bai ji ba. A dambe ba wanda ke bubbuga ka don ya huta, in hannu ya sauka jikinka to duka ne. Ya kama wuyan abokin ta baya, alƙali na can ɗaya gefen bai gani ba, abokin ya buga mai cinya sau uku.

"Na zaci naushi ne yake kai mani, ƙarfi ya ƙare mai. Nik ƙara matsewa."

Abokin bai mutu ba, amma bai sake magana ba. Anka maido shi gida. Kawu ya ci gaba da faɗa shekaru, shina cin nasara. Sai wata rana ya shaƙe wani ƙato, ya ji bugu uku a cinya, ya saki. Ashe ƙaton bai buga komi ba. Ya tashi ya lallasa shi. Haka ta sake faruwa, ta kuma sakewa, a na ƙarshe anka karya mai hannu.

"Har yau ina jinta, ko ina sallah," yac ce. "Ban taɓa zuwa wurinshi ba. Ina son in roƙe shi kafin ɗayanmu ya mutu. Ban dai san tana kama wani ba."

Nic ce, "Da ka faɗi tun gida, da na sa riga biyu." Bai yi dariya ba, ni ma haka.

Mun iske mutumin bisa tabarma a inuwar zaure. Ƙato, wuya kamar turmi, ido a buɗe amma ba kowa yake kallo ba. Hannunshi na dama na bugun tabarma sau uku, ya huta, ya sake. Wurin ya huje har ƙasa ta yi rami. Yayarshi, wata dattijuwa da ke kula da shi, ta gane Kawu tun bai gama sallama ba. Ba ta ba mu ruwa ba.

"Kai ne ashe," tac ce. "Shi ya sa. Yau sau biyu ya bar tabarma ya ɗaga hannu shina bugun iska."

Ta nuna tsawon wurin da hannu. Daidai kafaɗar mai zaune bisa mashin. Nij ja baya har na taka kwanon kaji.

Kawu ya aje ƙullin, ya durƙusa. Yac ce, "Yaya, gafara niz zo nema."

"Ba wuyana ka matse ba. Ga shi nan, tambaye shi."

Kawu ya daɗe shina kallon hannun. Sannan ya matsa, ya miƙe ƙafa, ya sa cinyarshi daidai ramin. Hannun ya sauka sau uku.

"Na ji," Kawu yac ce. "Na ji ka. Na saki."

Hannun ya tashi zai sake, ya tsaya a sama, sannan ya sauko a hankali ya kwanta bisa cinyar Kawu. Munka jira. Bai ƙara motsi ba. Dattijuwar ta shiga ciki ta fito da ruwa a kwanon sha.

Da dawowa ba abin da yat taɓa ni, amma kafaɗata a ɗage nit tuƙo har Jega. Sai da nig ga shagon mai faci da 'yan uwana 'yan kabu-kabu bakina yad dawo.

"Kawu, faɗi gaskiya, kai ne. Ka shirya da dattijuwar can ku tsorata ni in kai ka kyauta."

"Da wane hannun?"

"Da haɓa. Ko da goshi. Ku 'yan keji da mi ne ba ku duka?"

"Haɓa mai yatsa biyar?"

"To iska ce. Ko jijiya. Na ji wani likita a waya ya ce jijiya na yin haka."

Ya sauka, ya gyara hula da hagu, ya dube ni.

"Kira ta duk abin da kake so, ɗan Inna. Kai dai an taɓa ka kat tsaya. Ni ban tsaya ba."