Ranar da Baffa Ya Fita Daga Majalisa

A zamanin da Yola ke cikin Jihar Arewa Maso Gabas, ina koyarwa a wata firamare a Jimeta, muna zaune da mijina a unguwar Ajiya. Wata rana bayan an tashi yara, shugabar makarantarmu ta tsayar da ni a baranda ta ce hukuma na son a sa mace guda a majalisar gari, kuma sunana aka kai. Dariya na yi. A lokacin ko ƙuri'a mu matan Arewa ba mu taɓa jefawa ba. Tun zaɓen 'yancin kai, sai dai mu ji labari a bakin maza in sun dawo.

Mijina bai hana ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Kin dai san wanda za ki tarar a can."

Na sani. Baffa, ƙanen mahaifina, ya daɗe a wannan majalisa. Shi ya riƙe mu a gidanmu na Yola Gari bayan rasuwar mahaifinmu. Tun ina yarinya ban taɓa haɗa ido da shi ba. A tsugune nake gaishe shi, in ya yi tambaya in amsa a taƙaice in tashi. Da na je na sanar da shi, ya saurare ni har na gama, ya ce, "To." Na shiga cikin gida na faɗa wa Dada, mahaifiyata. Ta ce min da Fulatanci ita ma ba ta san abin da wannan "to" ke nufi ba.

Kafin ranar zama, labari ya bazu, mata suka fara sallama a gidana. Wadda maganarta ta fi tsaya min a rai goggona ce da ke aure a ƙauyen Mbamba. Ta ce ɗakin shan maganin da suke zuwa ƙofarsa ɗaya ce, layi ɗaya, maza da mata a cakuɗe, don haka magidanta da yawa sun hana matansu zuwa. Maƙwabciyarta ta kusa rasa ɗa da zazzaɓi tana jiran miji ya dawo daga gona.

"Ba sabon gini muke nema ba," in ji ta. "A fasa mana ƙofa ta baya, shi ke nan."

Ranar zama aka ajiye min kujera a ƙarshen tebur. Baffa na can gefen shugaban majalisa, bai dubi inda nake ba. Aka yi maganar rumfunan kasuwa, aka yi ta magudanar ruwa. Can shugaba ya juyo ya ce, "Malama, ko kina da abin cewa?"

Na miƙe, amma bakina ya ƙi buɗuwa. Ban taɓa yin magana a tsaye Baffa na zaune ba. Ina cikin wannan hali sai na ga ya tattara rigarsa ya tashi, ya fita bai ce wa kowa komai ba. Na ce a raina shi ke nan, na kunyata shi a gaban tsaransa. Amma tunda na riga na miƙe, sai na faɗi maganar ƙofa. Wani ɗan kasuwa ya ce wannan ba aikin majalisa ba ne. Wani dattijo ya ce a unguwarsu ma haka abin yake. Shugaba ya ce za a tura magini ya duba bangon.

Ban koma Ajiya ba. Mota na shiga zuwa Yola Gari, ina shirya kalmomin ban haƙuri a hanya. Na tarar da Baffa a zaure shi kaɗai. Na tsuguna na gaishe shi, kafin in ƙara komai ya riga ni.

"Kin yi maganar?"

"Na yi, Baffa."

"Na ga muddin ina zaune ba za ki iya ba. Shi ya sa na ba ki wuri." Sannan ya ƙara da cewa, "Ina jikin taga, na ji duka. Gaskiya kika faɗa, amma kin cika sauri. Nan gaba ki riƙa numfasawa, babu mai korarki."

Sai a lokacin na zauna a ƙasa sosai. Da na shiga wurin Dada ta dubi fuskata, ta turo min kwanon tuwo. Rabona da abinci tun jiya, na cinye tas.

Daga ranar, duk lokacin da shugaba ya kira ni, sai Baffa ya tuna bai yi alwala ba. Har 'yan majalisa suka gane, suna murmushi in ya miƙe. Bayan damina aka fasa ƙofar, aka yi wa mata 'yar rumfa da benci. Wajen wannan lokaci ne Baffa ya daina fita in zan yi magana. Yakan zauna ya sunkuyar da kai yana jan carbi har in gama, wani lokaci ma ya yi min gardama, ni kuma in amsa masa ina kallon tebur.