Na Je Kalgo Duba Ƙanena

Ana sallame sallar asuba muka bar Gwandu bisa jakuna, ni da wani maƙwabcina. Saƙo ne ya zo cewa ƙanena yana kwance a Kalgo, masassara ta kai shi har ba ya gane mutane.

Shi wannan ƙanen nawa an haife shi ne shekarar da fara ta cinye gero. Nonon Inna ya ƙafe, aka yaye shi ko rarrafe bai fara ba, aka kai shi wurin gwaggonmu a Kalgo. Ya girma, ƙato ne ma, amma duk ciwon da ya shigo gari a kansa yake fara sauka.

Ruwan sama ya ɓata hanya ƙwarai. Jakina da ya ga kududdufi sai ya tsaya yana nazari kamar alƙali. A Ambursa muka ba da ajiyar jakunan, muka hau wata babbar mota wadda turin da muka yi mata ya fi ɗaukar da ta yi mana. Furar Birnin Kebbi ga tsada ga ruwa tsululu, ko da yake fargaba ba ta bar ni na ji ɗanɗanonta ba.

Da la'asar muka shiga Kalgo, ina ta kasa kunne ko zan jiyo kuka. Sai na tarar da mutumin zaune a tabarma, ya rame, yana yi wa gwaggo mita wai kifin miyar ya yi kaɗan. Wallahi sai na zauna ƙasa ina dariya.

Da na yi zancen yawan ciwonsa, gwaggo ta kawo misali da ɓera. Ta ce, "Ko kusu haka shike. In anka share rumbu anka watse ɗiyan tun suna jajaye, suna girma, amma da sanyi ya shigo su ka fara mutuwa." Na so in tambaye ta yadda take shaida ɓeran bara, na ga ba ranar gardama ba ce.

Abin da na taho da shi daga tafiyar nan, wahalar jarirantaka ba ta barin jiki duka, kuma ba jikin ɗan kaɗai ba. Da na dawo gida Inna ko sannu da zuwa ba ta yi mini ba.

Ta ce, "Shina cin abinci?"

Na ce, "Har ƙari ya nema."

Sai ta ce a zubo mata tuwo. Matata ta raɗa mini cewa tun fitarmu Inna ba ta sa komai a bakinta ba sai ruwa.