Mai Baron da Ba Ya Jin Magana

A shekarata ta ƙarshe a jami'a, can Samaru, aikin da na zaɓa na kammala karatu shi ne in haɗa gem na waya. Ni kaɗai ce mace a cikin waɗanda suka ɗauki irin wannan aikin, don haka na ƙudurta a raina sai nawa ya fi na kowa kyau. Gem ɗin na wani mai baro ne da ya ɗauko kwandon tumatir daga bakin kasuwar Sabon Gari zai kai wa mai abinci, yana kauce wa 'yan acaɓa da ramuka da awaki. Da zarar ya yi karo, tumatir ya watse, an faɗi ke nan.

Wata huɗu na kwashe ina zane. Sai da na zagaye kasuwar ina ɗaukar hoton rumfuna da robobi da rubutun jikin manyan motoci, don komai ya fito kamar gaske. Watsewar tumatirin kaɗai ta ci mini mako biyu. Kowane ɗaya sai ya gangara, wani ya faɗa kwata, wani taya ta murƙushe shi. Da na nuna wa ƙawayena a hostal, kowacce sai ta riƙe baki ta ce, "Kai, wallahi kin iya!" Ta buga sau ɗaya, ta miƙo mini wayata, ta koma hirarta. Ba wadda ta ce in tura mata. Na lura da haka, amma na ce wa kaina jarrabawa ce ta sa su gaba.

Iyayena suna nesa, saboda haka duk ƙarshen mako a unguwar Jushi nake yi, wajen Goggo, ƙanwar babana. Tela ce ta mata, shagonta ɗaki ne a cikin gida kusa da zaure. A lokacin ta haura hamsin. Tana da wani ɗan ƙaramin gem na hannu, ruwan toka, irin wanda bulo ke saukowa kana jera shi layi-layi. Ɗanta ta saya wa tun yana firamare, ya gaji da shi ya yar, ita ta ɗauka. Murfin batirinsa ya ɓata tuntuni, da roba take ɗaure shi. Kullum bayan azahar, in ta miƙe ƙafa a tabarma don bayanta ya huta, shi ne a hannunta.

Abokiyar karawarta maƙwabciyarta ce, wadda duk unguwa ke kira Mama. 'Yar kudancin Kaduna ce, tsohuwar malamar firamare da ta yi ritaya, katanga ɗaya ce tsakaninsu. In ba ranar Lahadi ba, da take coci, da wuya la'asar ta yi ba ta leƙo ba. Su karɓi gem ɗin nan hannu-hannu, wannan na tsokanar wannan. Na sha yi musu dariya a ɓoye.

Wata Asabar na miƙa wa Goggo wayata ina murmushi. Ta ɗauko tabarau ta sa, ta ƙura wa fuskar wayar ido.

"Ikon Allah. Ai wannan layin 'yan robobi ne. Ke kika zana duk wannan?"

Na ce ni ce. Na nuna mata inda za ta taɓa, ta fara. Ta faɗi, ta sake, ta faɗi. A na uku sai ta kife wayar a kan yadin da ke cinyarta.

"'Yar nan, mai baron nan naki ba ya jin magana."

"Kamar yaya, Goggo?"

"Ina ce masa dama, sai ya yi shawara tukuna."

Na fara yi mata bayani cewa hotunan ne ke da nauyi, kuma jinkirin bai kai ƙiftawar ido ba. Sai ta tashi ta ja mini kujerar keken ɗinki. Ta ce in taka. Na taka, allura ta tashi nan take. Sai ta sunkuya ta sassauta bel ɗin keken, ta ce in sake. Wannan karon ƙafata ta yi gaba, allurar na biyo ta a baya, tana tsayawa tana tafiya.

"Za ki iya ɗinka wa mutum kayan salla da wannan?"

Na girgiza kai.

"To haka naki yake. Ni ina ruwana da nauyin hoto? Hannuna nake so ya ji."

Muna cikin haka Mama ta yi sallama. Goggo ta miƙa mata wayar. Mama ta yi nisa fiye da Goggo, har ta kusa wuce layin masu kifi, sai wata akuya ta ɓullo daga bayan rumfa ta doke baron. Ta sake, akuyar ta ɓullo ta wani wurin. Ta cire tabarau ta dube ni irin kallon da malamai ke yi wa ɗalibi.

"Ɗiyata, wannan ai cuta ce. Shekara talatin ina koyarwa. In yaro ya faɗi a abin da kika koya masa, gobe zai dawo da ƙarfinsa. In kika tambaye shi abin da ba ki taɓa nuna masa ba, kin kashe masa zuciya. Ki bari in ga ko da ƙahonta ne kafin ta fito."

Goggo ta ƙara da cewa, "Sannan tumatirin nan. Na san na faɗi, sai kuma an tsaya an yi mini biki? A bar ni in koma mana."

Suka kwashe da dariya har da tafawa. Abin da na fi alfahari da shi ke nan aka mayar abin dariya. Na karɓi wayata na koma gefe na zauna a kan buhun ƙyallaye, su kuma suka ɗauko ɗan gem ɗinsu.

Daga inda nake zaune ina ganin fuskar Goggo. Ban taɓa tsayawa na kalle ta tana bugawa ba sai ranar. Leɓenta a cije, kafaɗarta na karkata duk inda take so bulon ya bi. Abin ba launi, ba kiɗan kirki sai ƙyat-ƙyat. Da bulon ya cika mata, sai na ji ta ce, "Kash, ni ce. Da na ajiye dogon nan a gefe." Kafin ta rufe baki ta danna, ta koma farko. Mama na cewa ai layinta ne, Goggo na cewa ta bari ɗaya tak. A hostal ba wadda ta taɓa cewa "ni ce" a kan nawa, ba kuma wadda ta roƙi ɗaya tak.

Mako shida suka rage mini in miƙa aikin. Na koma Samaru na fara cire kaya. Na rage rumfuna, na cire inuwar mutane da hayaƙin motoci, watsewar tumatir na mayar da ita ɗan tas ɗaya. Na sa akuya ta riƙa leƙo da kai tana kuka kafin ta fito. Malamin da ke duba aikina ya ga sabon ya ce, "Me ya same shi? Na da ya fi kyau." Na roƙe shi ya buga kawai. Ya buga, sannan ya ce in ci gaba, amma in rubuta dalilina a babi na huɗu na rahoton aikin.

Duk Asabar sai in hau bas in kai musu. Abin da har yau yake ba ni mamaki shi ne yatsan Goggo. Akwai ranar da na tabbata na gama gyara jinkirin, ta buga ta ce hagu ya yi daidai, amma dama da saura kaɗan. Na yi musu, na ce abu ɗaya ne ke tafiyar da su. Da na koma na bincika a kwamfuta, sai ga wani ɗan layi a rubutun da ke sarrafa gem ɗin da na manta, yana riƙe dama na wani ɗan lokaci da ni ban iya jin sa ba. Matar da karatun bokonta bai wuce aji shida ba ta ji shi da yatsa. Mama kuma ita ta tsara mini matakan gem ɗin, kamar yadda ake tsara darasi: ramuka su fara zuwa su kaɗai, sai an saba da su a kawo awaki, 'yan acaɓa a bar su sai can gaba, inda mutum ya fara ganin ya iya.

Na ci jarrabawar da maki mai kyau, ko da yake ba ni ce ta ɗaya ba. Wani ɗan ajinmu da ya yi gem na tseren mota mai sheƙi ya fi ni, kuma ya cancanta. A Jushi kuwa, matan da ke zuwa karɓar ɗinki suka fara cewa a tura musu, daga wannan waya zuwa waccan, har yara suka kai shi unguwar Zabi.

Bayan shekara biyu mijin Mama ya rasu, 'ya'yanta suka mayar da ita ƙauyensu. Goggo ta yi kewa sosai, ta daina ko taɓa gem. Da na zo hutu daga wurin aiki na ga haka, sai na zauna kwana uku na ƙara wani abu a cikin nawa, yadda in ɗaya ta buga, makinta zai bayyana a wayar ɗayar. Na kira jikar Mama ta sa mata a can.

Washegari da hantsi makin Mama ya shigo, ya fi na Goggo nesa. Ta ajiye almakashi, ta karɓi wayar, ta shiga uwar ɗaka. Har aka kira azahar ba ta fito ba. Da ta fito, fuskarta sai annuri, ta miƙo mini wayar ta ce in danna mata wurin da ake aika murya. Na danna, ta gyara murya ta matso da bakinta.

"Malama, ina gajiya? Ya sanyin can? To ki duba wayarki da kyau, in idon bai gani ba ki kira jikarki ta karanta miki. Ki gai da mutanen gida."